Albishirin da Na Kai Dungu

Ku da kuka zo hidimar ƙasa bana, na ji abin da ɗayanku ya faɗa ranar Litinin yana zaton na fita alwala. Wai aikin Baba Tanko rini ne kawai, a tsoma gilashi a shuɗi, a tsoma a ja, a miƙa wa dokta. Ban ji haushi ba. To, na ji kaɗan. Saura mini 'yan watanni in ajiye aiki, kuma ni ba mai zaunar da mutum ya yi masa lacca ba ne, tunda ni kaina ba na iya zama. Shi ya sa nake rubuta muku wannan a tsaitsaye, tsakanin tsoma wancan da tsame wannan. Wanda ya ga dama ya karanta.

Naman farko da na yanka a ɗakin gwajin nan hantar akuya ce, kuma wata shida na yi ban taɓa komai ba sai hantar akuya. Maigidana a aikin, Mista Asare, mutumin kudu ne, dogo, ba ya dariya sai ranar Juma'a. Shi ya nuna mini yadda ake jiƙa nama a fomalin har ya ƙage, a bi da shi ta kwalaben sifirit ɗaya bayan ɗaya har ruwan jikinsa ya fita, a binne shi cikin kakin kyandir, a ɗora a injin yanka. Injin yana fitar da yanki da ya fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba. Ka yi numfashi da ƙarfi, ya tashi ya manne a rigarka. Sai ka shimfiɗa shi a kan ruwan ɗumi ya miƙe, ka zuro gilashi ta ƙarƙashinsa ka ɗauko. Ni kuwa garaje gare ni tun ina yaro. Ina juya hannun injin kamar mai markaɗe, yankin ya fito a tattare, Mista Asare ya ɗaga shi a hasken taga, ya jefa a kwando.

"Tanko, hannunka ya fi kanka gudu," haka yake cewa da Hausarsa ta kasuwa. "Wa yana koran ka? Sake."

Ba wanda yake kora ta. Har yau ban san abin da ke kora ta ba.

Zafin Tamale ma abokin gaba ne. In watan uku ya kama, kakin yakan yi laushi tun kafin azahar, wuƙa ta riƙa dagwargwaza nama maimakon yanka. Littafin da aka rubuta a ƙasar sanyi bai san wannan ba. Mu ledar fiyawota muke daskarewa a firij, mu kifa kakin a kanta ya yi tauri, mu yanka uku ko huɗu da sauri, mu sake kifawa. Na yi shekaru ina isa aiki da sanyin safiya don kawai in riga rana.

A Sabonjida, inda aka haife ni, cewa na yi ina aiki a asibitin shanu. Ba ƙarin gishiri a ciki, da shanu da awaki muka fara. Karnuka daga baya suka shigo, lokacin da Dokta Wumbei ya soma yi musu tiyata. Ranar da labari ya isa unguwa, ban kai ƙofar masallaci ba sai da aka raɗa mini suna mahaucin karnuka. Wani tsoho ya matsa gefe a sahu. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta ware mini kwanon cin abinci na kusan wata guda, har ta gaji ta manta. Na yi bayanin safar hannu da sabulu har bakina ya bushe, daga baya na bar su da tsokanarsu.

Wani aiki da ba na mantawa na Ziblim ne, maharbi daga Gumani. An cire wa karyarsa ƙari a nono, dokta ya ce ya kawo naman wurina, ya ba shi kwalbar fomalin. Kwalbar ta fashe a hanya. Mutumin kirki, ya ga nama zai lalace, ya yi abin da ya sani: ya barbaɗa masa gishiri, ya shanya a kan kwanon rufi, bayan kwana biyu ya kawo mini a ƙunshe cikin takardar siminti. Na buɗe na ga kilishi. Ya tsaya yana jiran yabo. Wasu kuma a giyar ogogoro suke jiƙo shi, wasu a robar man shafawa mai ɗan ruwan fomalin da bai rufe rabin naman ba. Ku riƙe wannan: nama yana fara mutuwa a daƙiƙar da aka raba shi da jiki, kuma a zafinmu ba ya jira. Fomalin ya ninka naman sau goma, a tsaga babban ƙari don ruwa ya shiga cikinsa. In aka kuskure wannan, duk abin da za ku yi a gaba wasan yara ne.

Masu kawo mana karnuka yawanci malaman makaranta ne da nas-nas da ma'aikatan gwamnati 'yan kudu, sai fastoci, sai maharba irin Ziblim. Duk tambayarsu ɗaya ce, ko da wane harshe suka yi ta: zai dawo ko ba zai dawo ba? Karya tana da nono jere biyu daga ƙirji zuwa mara, kuma na baya, kusa da cinya, su suka fi kamuwa. Ƙari biyu za su zo girmansu ɗaya. Ɗaya a cire shi ya tafi ke nan. Ɗayan kafin a ankara ya bi ta kaluluwa ya isa huhu. Rinin yau da kullum, shuɗi da ja, yana gaya mana da yawa, amma akwai ƙarin da yake tsayawa tsaka-tsaki, ka dube shi awa guda ka kasa cewa mai haƙuri ne ko mugu.

Don irin waɗannan ne wata malamar jami'a daga kudu, likitar gano cuta ce, ta kawo mana aikin alamomin furotin. Ita ta koya mini, Mista Asare ya riga ya koma garinsu lokacin. Abin da ake nema shi ne wasu furotin da ƙwayoyin ƙari ke ɗauke da su, waɗanda ke tona halinsu. Akwai wanda yake kamar kunne, da shi ƙwayar nono take jin sinadarin mace da ke yawo a jini. Ƙarin da har yanzu yake da shi galibi yana da sauƙin hali, wanda ya zubar da shi ya daina jin maganar jiki. Akwai wani mai aikin danƙo, yana riƙe ƙwaya da 'yar'uwarta, in ya ragu ƙwayoyin sun sami damar ɓallewa su yi tafiya. Sai babbansu a wurinmu, Ki-67, wanda mu a nan Kii kawai muke ce masa. Shi ba ya bayyana sai a ƙwayar da ta shiga aikin rabuwa biyu. Ƙwayar da ke hutawa ba ta da shi.

Ido ba ya ganin furotin. Sai an ɗiga wa yankin wani ruwa, antibodi, da aka yi shi don ya nemo furotin guda ɗaya ya manne masa, sannan a bi da wani rini da ke mayar da wurin ruwan ƙasa. Kafin nan ma sai an dafa gilashin, domin fomalin yana rufe furotin. A tukunyar nan mai huci muke dafawa, irin ta wake, ni na sayo ta a kasuwa, kuma matata Hajara ta yi shekara tana neman aronta. In an gama, ka sa a madubin likita mai ƙara girman abu ka ƙirga: ƙwaya nawa ce ruwan ƙasa, nawa ce shuɗiya. Ruwan ƙasa ya yi yawa, ƙari yana gudu. Shuɗi ya rinjaya, yana tafiya a hankali. Ba duba ba ne, ba ya faɗar ranar mutuwa. Ana haɗa shi da girman ƙarin da halin kaluluwa da abin da rinin farko ya nuna, sannan dokta ya yanke shawara.

Yanzu ku buɗe kunne. A gwajin Kii, rashin ruwan ƙasa labari ne mai daɗi. Kuma antibodin da ya mutu, shi ma rashin ruwan ƙasa yake bayarwa. Gilashin biyu kamarsu ɗaya. Saboda haka duk ranar rini ana haɗawa da yankin wata kaluluwa da aka san tana cike da ƙwayoyi masu rabuwa. Muna ce mata shaida. In shaida ta fito ruwan ƙasa, ruwanka yana da rai. In ta fito shuɗiya, ka zubar da aikin ranar gaba ɗaya.

Shekarar da wuta ta fi wahalar da mu, wadda ake kawowa a ɗauke kamar ana wasa da makunni, ita ce mummunar shekarata. Antibodi a firij yake zama, ba ya son zafi ko kaɗan. Kwalbarsa ba ta kai ɗan yatsa ba, daga kudu ake aiko ta cikin ƙanƙara, kuma in ta ƙare sai a yi watanni ana jira. Muka tafi hutun Babbar Salla, kwana huɗu. Ranar da na dawo na tarar da firij yana aiki, da sanyinsa. Amma akwai ruwa kwance a ƙarƙashinsa, ledojin fiyawota kuma sun narke sun sake daskarewa a baje. Na gani da idona. Na ɗauki tsumma na goge ruwan, na ce ai yanzu da sanyi. Kwalbar Kii saura kaɗan a gindinta, ga aiki ya taru, na lissafa cewa duk ɗigon da na ba shaida na hana wata karya ne. Sai na ajiye shaida a gefe. Na ce na mako biyu ne kawai, kafin sabuwa ta iso.

A cikin wannan makon aka kawo naman Adom. Adom karyar Madam Efua ce, tsohuwar malamar firamare, 'yar bakin teku da ta zo Tamale tun tana budurwa ta ƙi komawa. Rabin ma'aikatan garin nan sun sha bulalarta. Mijinta ya rasu, 'ya'ya suna Ankara, babban birninmu, da ƙasar waje, ita kaɗai ce a gidanta na Dungu, sai wannan jar karya da take kwana a bakin ƙofar ɗakinta. Ƙarin ya kai ƙwan zabuwa, a nonon ƙarshe na hagu. Dokta Wumbei ya cire shi da nonon kawai, saboda Adom ta fara tsufa, ba ya son ya yi mata doguwar yanka in ba dole. Rinin farko ya fito tsaka-tsaki. Sai ya gaya wa Madam a gabana: in Kii ya yi yawa, za ta dawo da ita cikin mako biyu a kwashe sauran jeren nonon da kaluluwar cinya tun abin bai yi nisa ba. In ya yi kaɗan, a bar tsohuwa ta huta.

Madam ba ta iya jira a gida ba. Kwana biyu-biyu sai ga ta a yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, da lema, ta tsaya a bakin tagata.

"Papa Tanko, yaya? Ya fito?"

"Tukuna, Madam. Yana cikin kaki."

"Kullum yana cikin kaki. Ni ba na barci koraa, ko kaɗan. Karen nan shi ne mutum na a gida."

Ranar Laraba na yi rinin. Na sa gilashin Adom a madubi, na ga shuɗi daga wannan gefe zuwa wancan, tas, da ƙyar na tsinci wani ɗan dishi-dishi nan da can. Daɗi ya kama ni har na tashi tsaye na zagaya tebur.

Mista Asare yana da doka: bakin mai yanka ba ya cikin aikin. Kai ka yanka, ka rina, ka ɗauki hoto ka aika wa likitar gano cuta, dokta ya sa hannu, shi zai kira mai kare. Amma ni ɗan Sabonjida ne. A unguwarmu labari mai daɗi ba ya kwana a bakin mutum. In mace ta sauka lafiya, ko wani ya dawo daga Makka, da gudu ake fita, wanda ya riga isa shi ke da goro, kuma tun ina ƙarami ba a taɓa riga ni ba. Na girma, na yi furfura, ƙafar ba ta daina ƙaiƙayi ba. Na aika hotunan, ban jira amsa ba, na cire farar riga na hau moto, wato babur ɗina, sai Dungu.

Tun daga bakin ƙyaure na ɗaga murya. "Madam! Albishirinki!"

Shekarunta a cikinmu sun koya mata amsa. Ta fito da cokali a hannu. "Goro!"

"Fari ko ja?"

"Fari, Papa Tanko, fari! Faɗa mana!"

Na ce ƙarin Adom mai sanyin hali ne, ba sai an sake yanka ta ba. Ta jefar da cokalin, ta ɗaga hannu sama tana kiran sunan Allah da yarensu, ta zauna a dandamali ta rungume wuyan karyar. Sannan ta zagaya bayan gida, na ji kururuwar zabi, ta dawo da ƙatuwar zabuwa ta ɗaure mini a bayan moto da kanta. Na yi ƙin da ake yi sau biyu, na uku na karɓa. Hajara ta dafa ta da miyar ayoyo, muka ci da tuwo har da maƙwabta. Washegari likitar ta amsa cewa Kii kaɗan ne, dokta ya sa hannu. Kada ku ɗora musu laifi. Abin da na nuna musu shi suka gani, kuma ba wanda na gaya wa cewa ban sa shaida ba. Ranar Lahadi, na ji labari, Madam ta sa fararen kaya ta je coci ta tsaya gaban jama'a ta yi godiya.

Sabuwar kwalbar ba ta iso a mako biyu ba. Ni kuma na ci gaba da tatsar tsohuwar, na ci gaba da hawa moto. A makonnin nan duk karyar da ta shigo hannuna mai sa'a ce. Har dokta ya fara tsokanata cewa hannuna ya yi albarka tun Salla. Wani abu yana ɗan sukar zuciyata in na kwanta, na kan juya in ce gajiya ce.

Ziblim ne ya tona asirin, bai sani ba. Mako bakwai bayan na Adom ya kawo naman wata karyarsa, wannan karon a cikin fomalin, yana ta alfahari ya koyi darasi. Ƙarin ya fashe yana wari, kuma a rinin yau da kullum ma ƙwayoyin da aka kama suna tsakiyar rabuwa sun cika ko'ina, ko ɗan koyo zai gane mugu ne. Na yi masa Kii. Ya fito shuɗi tas.

 Na jawo akwatin gilasai, na zaro duk na bayan Salla, guda biyar ban da na Ziblim, na fara da na Adom. Wannan karon ban kalli tsakiyar ƙarin ba, na matsa can gefe inda ɗan guntun fata ya biyo wuƙar dokta. Saiwar gashi kullum cikin rabuwa take, a kowace dabba mai rai, dole ta ɗauki ruwan ƙasa ko ƙarin ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Ta Adom shuɗiya ce. Shaida tana nan a kan gilashin tun ranar farko, kyauta, ba ta buƙaci ɗigo ko ɗaya ba. Ni ne ban matsa madubin ba, don na riga na ga abin da nake son gani.

Ina da aboki a ɗakin gwajin wani asibitin mutane, irin antibodinsu yana kama naman kare. Na je na same shi, na faɗa masa gaskiya, ya ba ni ɗan abin da zai isa rini ɗaya cikin kulan ƙanƙara. Washegari da sassafe na sake yanka duka biyar, da shaida a gaba. Ban zauna ba ranar. Na wanke kwalaben da ba su da datti, na share ɗaki sau biyu, tukunya tana huci ina tsaye a kanta kamar hakan zai sa ta yi sauri. Shaida ta fito ruwan ƙasa. Ɗaya daga cikin biyar ta tsaya a shuɗinta, mai ita ya ci sa'a ta gaske. Uku sun canja. Na Adom kuwa ko ƙirgawa ban yi ba, ruwan ƙasa ne ko'ina, kamar an watsa garin dawa a kan shuɗin zane.

Dokta yana can wajen Yendi yana yi wa shanu allura. Na kira shi na faɗa masa komai, da ruwan ƙarƙashin firij da shaidar da na ajiye. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Za mu yi maganarka in na dawo. Yanzu tunda kai ka iya kai labari, ka je ka gaya musu su kawo karnukan gobe da safe. Duka."

Na fara da Dungu don nata ya fi muni. Ban taɓa tuƙa moto a hankali irin na ranar ba, har masu keke suna wuce ni. Na yi sallama a bakin ƙyaure da ƙaramar murya. Madam tana zaune a baranda tana tsince shinkafa, Adom tana kwance a gefen ƙafarta, ba ta ko ɗaga kai ta yi haushi ba.

"Papa Tanko! Allah ya kawo ka. Ina so in zo wurin dokta ma. Adom yana tari, ba ya cin abinci sosai. Ina ce sanyin damina ne."

Ta ba ni kujera. Na zauna a bakinta. Na fara da wutar lantarki, na bi ta firij, na ji kaina ina zagaye-zagaye kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba, ita kuma ta ajiye faifan shinkafar tana kallona irin kallon da ta shekara talatin tana yi wa irinmu. Sai na bar wutar lantarki. Na ce, "Madam, albishirin da na kawo miki ba gaskiya ba ne. Ruwan gwajin ya lalace, akwai hanyar da zan gane, ban bi ta ba. Na sake gwadawa yau. Ƙarin Adom mugu ne ƙwarai. Tun mako biyar da suka wuce ya kamata a sake yi mata aiki."

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta sunkuya ta juya karyar a hankali, ta kama wuyan hannuna ta ja. Shekara ashirin da wani abu ina yanka naman karnuka, ban taɓa ɗora hannu a kan mai rai ba sai ranar. Ta danna tafina a kan cikin Adom, gefen tabon ɗinki. Fatar da zafi. A ƙarƙashinta akwai ƙulle-ƙulle a jere kamar gyaɗa cikin aljihu, har zuwa cinya, kuma numfashinta gajere ne, yana ɗaga hannuna da sauri-sauri.

"Na ji su tun wancan sati," in ji Madam. "Na ce ba komai, Papa Tanko ya ce fari."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba ko ina yaro. Na kasa janye hannun, na kasa ɗaga ido.

"Da an yanka shi lokacin, da ya warke?"

"Ban sani ba, Madam. Irin wannan wani lokaci ko an yanka yana dawowa. Amma da an gwada. Ni na hana a gwada."

Hoton da aka ɗauka washegari ya nuna abin ya riga ya shiga huhu, dokta ya ce babu amfanin wuƙa. Adom ba ta ga ƙarshen daminar ba. Wannan daga baya ne. A ranar dai ina zaune a barandar nan, ni da ban taɓa iya zama minti goma wuri ɗaya ba, na kafe a kujera. Na ba da haƙuri, na sake bayarwa. Na ce zan riƙa zuwa kullum. Na ce ko me take so a yi mini a wurin aiki, na yarda. Inuwar mangwaro ta bar baranda ta koma jikin katanga ina nan ina maimaita magana ɗaya, ita kuma tana shafa kunnen karyar, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

Can ta ɗago. "Gida nawa ka kai wannan albishir?"

"Waɗanda ya canja, ban da naki, uku."

"Sun sani?"

"Tukuna. Nan na fara zuwa."

Ta dube ni daga hula har takalmi. "Awa biyu kana nan kana ba ni haƙuri. Haƙurinka zai cire ƙari a cikin karen wani? Nawa ya riga ya wuce, Papa Tanko. Nasu bai wuce ba tukuna. Tashi."

Ta zame ƙafarta daga ƙarƙashin kan Adom a hankali don kada ta tashe ta, ta taka zuwa ƙyaure, ta buɗe shi da kanta, ta tsaya riƙe da shi har na fitar da moto.